In an ce makin gwajin basirar yaronka ya yi ƙasa sosai, ga ta inda za ka faro

Da yawanmu nan Maraɗi sai yaro ya maimaita CI ko CP, mushe ya kira uba ya ce gaskiya yaron nan ba ya ɗauka, sannan hankali ke tashi. Mai hali ya kai shi Yamai ko ya tsallaka Katsina ko Kano, a zaunar da yaro a yi ta mishi tambayoyi da haɗa hotuna, ƙarshe a miƙo takarda da lamba, QI 62 ko 48, in Najeriya ce a rubuta IQ, a dawo gida ba wanda ya san mi take nufi sai uwa ta shige ɗaki tana kuka. Don Allah a tsaya a fahimci lambar tukuna.

An tsara gwajin ne yadda matsakaicin mutum zai samu 100, galibin jama'a suna tsakanin 85 da 115, waɗanda ke ƙasa da 70 kuma kamar mutum 2 ne cikin 100. A rabon da OMS, hukumar lafiya ta duniya, ta daɗe tana aiki da shi a baya, 50 zuwa 69 tawayar basira ce mai sauƙi, kuma nan ne kusan kashi 85 cikin ɗari na masu wannan lalurar suke. Irin wannan yaron zai iya karatu da lissafi na firamare a hankali a hankali, ya koyi sana'a, da yawa ma su yi aure su riƙe gida in akwai mai dafa musu wajen takardu da kuɗɗi. Daga 35 zuwa 49 yana koyon wanka da sa kaya da aiki mai sauƙi amma da mai sa ido. 20 zuwa 34 magana kaɗan ce kuma kullum sai da wani kusa, ƙasa da 20 kuwa komi sai an yi mishi, har ci da tsarki. Kuma wannan ba taɓin hankali ba ne, ba aljannu ba ne, jinkirin koyo ne da ya faro tun ƙuruciya.

Kafin ka yarda da lambar ka tambaya da wane harshe aka yi gwajin. Yaron da ya tashi Bagalam ko Ɗan Gulbi da Hausa zalla a bakinshi, in aka yi mishi tambaya da Faransanci ko Turanci dole makin ya faɗi ko da kanshi na ja. Ka sa a duba kunne da ido, don sanƙarau na barin kurunta, kuma yaron da ba ya ji sosai a aji kowa daƙiƙi yake ce mishi. Yunwa, zazzaɓi, tsoron baƙon mutum, duk suna rage maki, ko komi lafiya lau ma gwajin na iya kuskuren maki 5 sama ko ƙasa. Shi kanshi Alfred Binet da ya fito da gwajin a Faransa a 1905, don a gano ɗaliban da ke bukatar ƙarin taimako ya yi shi. Tun 2013 ma likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka da abin da mutum ke iya yi wa kanshi yau da kullum suke auna tsananin lalurar.

To kai ma haka za ka yi. Ka samu kaye ka rubuta abin da ka gani da idonka cikin sati guda: yana cin abinci da kanshi? yana tsarki in ya fito bayi? in an aike shi ya san hanyar dawowa? ya san wuta da rijiya haɗari ne? Abin da ya iya ka bar mishi ya riƙa yi ko da zai ɗau lokaci, don yawancin iyaye mata tausayi ke sa su karɓe komi, sai yaro ya kai shekara goma sha biyar ana sa mishi riga alhali da an barshi da tuni ya iya.

Wajen koyarwa abu ɗaya ake kamawa, a gutsuttsura shi. Sa riga misali, ke uwa ki sa mishi kai da hannuwa, ki bar mishi jawo ta ƙasa kawai, in ya ja ki yaba mishi nan take, madalla, Allah ya yi albarka. In ya riƙe wannan sai ki bar mishi hannu ɗaya, haka haka har ya haɗa duka. Alwala kuma ka tsaya gefenshi da taka butar kuna yi tare, kullum wuri ɗaya lokaci ɗaya, magana gajera, "wanke hannu", ka jira ya yi, kar ka jero mishi umarni uku a numfashi ɗaya. Bulala ba ta ƙara komi sai tsoro, ka je da kanka ka shaida ma mushe da malamin allo haka, ka roƙi a zaunar da shi gaba.

Kuɗɗi ne wurin da aka fi cutarsu, ga lissafinmu na dala da ko mai wayo sai ya natsu. Kar ka faro da canji. Ka ba shi daidai kuɗɗin abin, dala ashirin ta suga, ka haɗa mishi da tsohuwar ledar abin da kake so ya nuna ma mai shago, kuma shago ɗaya na unguwa wanda kuka yi magana da mai shi. Sai ya saba sannan ka nuna mishi bambancin dala goma da dala ashirin a tafin hannu, jika kuwa sai can gaba.

Ka ɗinka lambar wayarka cikin rigarshi, ka riƙa tsallaka gudron da shi kuna tsayawa kuna dubawa, saboda 'yan kabu-kabu ba sa jira. Ɗiya mace kuma wallahi a ninka kula, a koya mata ƙarara inda ba wanda ya isa ya taɓa a jikinta da wanda za ta faɗa mawa, kar a ɗora mata talla ita kaɗai, kuma aurar da ita ba tare da ta gane mi aure yake ba ba magani ba ne.

In ya tasa a nema mishi aikin da ake maimaitawa: ban ruwa a lambu kamar na Jiratawa, kiwon tumaki a gida, ɓarar gyaɗa, mulmula ƙuli-ƙuli, wankin moto. Wurin mutumin da kuka yarda da amanarshi, kuma ku ku riƙa bin ladan aikin kar ya zama ɗan aiken banza.

In yana faɗuwa yana karkarwa ko ya riƙa ƙamewa na ɗan lokaci, a kai shi CSI, likitar unguwa, farfaɗiya na yawan haɗuwa da wannan lalurar kuma tana da maganin sha. Don a kare ƙannenshi daga wannan lalurar kuma, gishiri mai iyod a tukunya, awon ciki da haihuwa a asibiti, rigakafin sanƙarau, gidan sauro da damina, jariri in ya yi shawara ido ya yi ɗorawa a ruga da shi likita ranar nan, tamowa ma kar a jira sai ƙafa ta kumbura.