Yadda ɗan wasa mai sikila, kuma maraya, zai riƙe aikin fim a Kaduna

Wanda ya tashi da sikila, iyaye kuma suka rasu tun yana ƙarami, yakan shigo harkar fim yana ɓoye ciwonsa don kada a hana shi aiki. Ɓoyewar nan ce ke kwantar da mutum. Tun kafin a sa ranar fita lokeshan, wato wurin ɗaukar fim, ka sanar da furodusa da darakta, ka ba ɗaya daga cikin ma'aikata lambar kawunka ko yayarka, tunda ba uwar da za ta tashi nemanka in dare ya yi.

Ruwa ne kan gaba. Babba mai sikila yana buƙatar lita 3 zuwa 4 a yini, wato leda 6 zuwa 8 ta fiyawata. Idan jiki ya bushe, ƙwayoyin jinin da suka lanƙwashe kamar lauje sai su toshe ƙananan jijiyoyi, ciwon ƙashi ya tashi. A Maris da Afrilu abin ya fi haɗari, domin ana kashe fanka saboda sauti, ga fitilu a kanka. Ka sha kafin a fara, ka sha bayan kowace fitowa, kada ka jira ƙishirwa. Sanyi ma haka yake tayar da ciwon. Daga Disamba zuwa Janairu ka roƙi a ɗauki fitowarka da rana, ka tafi da rigar sanyi da safa. Fitowar da za a jiƙa ka da ruwa, ko a ce ka shiga Kogin Kaduna, ka ƙi ta kai tsaye.

Folic acid da maganin rigakafin maleriya ka sha yadda likitanka ya rubuta, gidan sauro kuma ya bi ka masauki. Zazzaɓin da ya kai digiri 38, ciwon ƙirji, ko numfashi sama-sama, a bar aiki a nufi asibiti irin Barau Dikko nan take. Kada ka sayi allurar kashe zafin ciwo ta pentazocine a kemis don ka ƙarasa aikin yini. Jiki na sabawa da ita, wurin da ake sokawa kuma ya zama gyambo.

Sai fitowar makoki. Ka karɓi rubutun labari da wuri. In akwai mutuwar uwa ko uba, ka ce da darakta, "Yallabai, a bar mini wannan zuwa ƙarshen yini, kada a yi ta maimaitawa." Tashin hankali da gajiya su ma suna tayar da ciwon.

A fim mai dogon zango ka nemi a jera fitowarka cikin kwana biyu ko uku, hutu ya biyo baya. A rubuta yarjejeniya, ka karɓi kafin alƙalami, daga ciki ka yi rajistar inshorar lafiya ta jihar Kaduna, wato KADCHMA, tun kana da ƙarfinka.