Yadda ake rubuta wa yara labarin ƙwallon makaranta

Kafin ka ɗauki biro, nemi izinin hedimasta ka tsaya bakin filin wata firamare a Tudun Wada ko Kawo da ke Kaduna lokacin da aka fito tara. Duba yadda silifas biyu suke zama raga, yadda mai ƙwallo ba ya zaman benci ko da ƙafarsa ba ta iya komai ba, yadda ake tura ƙaramin cikinsu gola. Rubuta maganganunsu yadda suka fito: "Kai, ba ni mana!" "Wallahi ba ta shiga ba, ta saman silifas ta bi!"

Daga nan ka zaɓi abokai biyu kawai. A ce Sani da Bulus, 'yan aji biyar, tare suke tafiya gida, tare suke cin gyaɗar naira hamsin.

Mataki na uku shi ne zuciyar aikin: nemo abin da zai shiga tsakaninsu. A ganina mugun abokin gaba daga wata makaranta ba ya taɓa ran yaro kamar ɓacin ran aboki. An naɗa Sani kyaftin a gasar ajujuwa, malamin wasanni ya ce ya fitar da mutum 11, Bulus kuwa shi ne na 12. Tsaya a nan sosai. Nuna mana Sani riƙe da takarda yana goge suna yana mayarwa. Nuna mana Bulus ya bi wata hanyar zuwa gida shi kaɗai, yana shurin gwangwani. Kada ka ce "ransa ya ɓaci", gwangwanin ya faɗa.

Ka ba su mafarki na gida. Su riƙa leƙen filin wasa na Ahmadu Bello, kawun ɗayansu yana ba su labarin ƙungiyar ƙwallo ta Ranchers Bees, da yadda 'yan Kaduna irin su Daniel Amokachi, Tijjani Babangida da Garba Lawal suka ciyo wa Najeriya zinare a gasar Olympics ta Atlanta a 1996.

Wasan ƙarshe kuma, gajerun jimloli. Ba dole su ci kofi ba. Ko an tashi canjaras, abin da mai karatu yake jira shi ne ya ga wa zai fara yi wa wani magana.

Idan ka gama, tara yara biyar ka karanta musu da ƙarfi. Duk inda suka fara wasa da yatsunsu, yi masa alama da biro ka yanke shi.