Yadda Ake Buga Wasan Labari Mai Wasa Ƙwaƙwalwa a Na'urar Hannu Ba a Maƙale Ba

Gaggawa ce ke kashe wa sabon shiga gwiwa. Zai yi ta danna maɓalli yana tsallake hirar mutanen cikin wasa, can sai a tambaye shi abin da aka faɗa minti goma baya, ya tsaya yana zare ido. Ka karanta kowane layi, ka ajiye takarda da biro kusa da kai, ka rubuta suna, lokaci da duk wata lamba da aka ambata.

Kafin ka bar kowane wuri, ka taɓa ko'ina a allo. A Professor Layton, wasan da kamfanin Level-5 ya fara fitarwa a Japan a 2007 a kan Nintendo DS, na'urar wasa ta hannu mai allo biyu, ana ɓoye sulallan sayen haske, wato ɗan bayanin da ke nuna hanyar amsar tambayoyin wasan, a fitilun titi, tagogi da bututun hayaƙi. Ka yi amfani da alƙalamin na'urar, yatsa ya yi kauri ga irin waɗannan ƙananan wurare. Idan naka ya ɓata ka sayi wani, ba shi da tsada, kada ka sa bakin biro ka karce allon.

Inda aka fi faɗuwa shi ne lokacin da tambaya ta gagara. Sabon shiga sai ya koma canki-canka, alhali amsar kuskure tana rage makin da ake kira Picarats, kuma makin ne ke buɗe ƙarin abubuwa bayan an gama labari. Ka sake karanta tambayar a hankali, kalma bayan kalma, domin da yawansu tarko ne na harshe, ba lissafi ba. Idan ka ga kana shirin doguwar ƙidaya a tambaya mai ɗan maki, to ka saki hanya. Ka zana abin a takarda. Bayan minti goma sha biyar babu motsi, ka kashe sulalla ɗaya ka sayi haske na farko, ka sake gwadawa kafin ka taɓa na biyu. Kada ka ɓarnatar da su a farkon wasa, masu wuyar suna gaba. Duba amsa a intanet kuwa ban yarda da shi ba, sau da yawa ido kan faɗa kan ƙarshen labarin, shi ke nan daɗin ya tafi.

Wani lokaci amsar tana jikin na'urar kanta. A Zelda: Phantom Hourglass akwai wurin da sai ka rufe DS ɗin, allon sama ya haɗu da na ƙasa, sannan tambari ya hau kan taswira. Akwai kuma inda ake hura iska a makirfo.

Wasannin kotu irin Ace Attorney na Capcom nasu salon daban ne. Ka adana inda ka kai a wasa, wato ka yi "save", kafin mai shaida ya fara magana. Ka matsa masa a kan kowace jimla, yawanci ba a hukunta ka don wannan, amma miƙa hujjar da ba ta dace ba na jawo hukuncin alƙali, in ya taru ka sha kaye. Ka buɗe jakar hujjoji ka kwatanta lokaci da wuri da abin da ya faɗa.

Sa abin kunne, sauyin kiɗa kan nuna ka taɓo gaskiya. Ka gama babi kafin ka ajiye na'urar, in ka yi mako ba ka koma ba za ka manta wa ya ce me.