Yadda ake raba DbContext tsakanin zarurruka a manhajar da ke cin saƙo daga RabbitMQ

Masu koyo da yawa a wuri ɗaya suke tuntuɓe. Su rubuta BackgroundService, wato aikin da ke gudana a bayan fage, da zai riƙa jawo saƙonni daga RabbitMQ, manhajar da ke jera saƙonni a layi, su cusa DbContext, ajin da ke magana da database, cikin constructor, sai ASP.NET Core ya ƙi tashi yana cewa singleton (abu ɗaya tak ga dukan manhajar, kamar BackgroundService) ba zai riƙe scoped (abin da ke rayuwa iya zagayen aiki ɗaya, wato scope, kamar DbContext) ba. Maimakon su tsaya su gane dalili, sai su mayar da DbContext ɗin Singleton don ya yi shiru. Ranar da saƙonni suka zo a tare, Entity Framework Core (EF Core), ɗakin karatun da DbContext yake ciki, zai faɗi da kuskuren cewa an fara aiki na biyu kafin na farko ya ƙare. DbContext ba ya ɗaukar zare (thread) biyu a lokaci guda, haka Microsoft suka gina shi.

Da farko, bar AddDbContext yadda yake, scoped. Abin da za ka ba BackgroundService shi ne IServiceScopeFactory, mai ƙirƙiro sabon scope.

Sai babban wurin. Kowane saƙo ya samu nasa scope: ka kira CreateAsyncScope da await using, ka ciro DbContext daga ciki, ka yi aikinka, ka kira SaveChangesAsync, scope ya rufe. Kar ka buɗe shi a waje da madaukin (loop) karɓar saƙo. Wanda ya yi haka, ko zarurruka ba su yi karo ba, ChangeTracker, mai bibiyar abubuwan da DbContext ya ɗauko, zai yi ta tara abubuwa, manhaja ta yi nauyi, kuma saƙon yamma ya riƙa ganin tsohon bayanin safe. In save ɗaya ya gaza, shararsa tana nan tana jiran saƙo na gaba. Kada tsada ta tsorata ka, sabon DbContext ba shi da nauyi, haɗinsa da database kuma daga connection pool, ma'ajiyar haɗin da aka riga aka buɗe, ake aro shi.

Kada ka miƙa entity, wato bayanin da DbContext ya ɗauko daga database, daga wannan zare zuwa wancan. Tura lambar ID kawai, wancan ya karanto da nasa context. In kana son gudanar da ayyuka da yawa a tare da Task.WhenAll a cikin saƙo ɗaya, yi amfani da IDbContextFactory, wanda ya zo da EF Core 5.0 a 2020, kowane aiki da nasa DbContext.

Ack kuma, wato shaida wa RabbitMQ cewa an gama da saƙo, sai bayan SaveChangesAsync ya yi nasara. Saƙo na iya dawowa sau biyu, don haka ajiye lambarsa a ƙarƙashin unique index, wanda ke hana lamba ɗaya shiga sau biyu. Ka rage prefetch, wato yawan saƙon da RabbitMQ ke miƙo maka kafin ka yi ack, domin kowane saƙo yana aron haɗi, kuma pool na SQL Server haɗi 100 ne iyakarsa in ba ka canza ba.