Yadda ake sa hoto ya fito dishi-dishi a bayan takardar wasiƙa

Salamu alaikum 'yan uwa. Masu son hoto ya zauna a bayan rubutu, a takardar wasiƙa ko katin ɗaurin aure, ga hanya mai sauƙi.

Aikin daga zaɓen hoto yake farawa. Wanda ba shi da tarkace ya fi, kamar duwatsun Shere ko Dutsen Riyom da sararin sama a bayansu. Hoton kasuwar Terminus ta Jos da cunkoson jama'a da Keke Napep cinye rubutu zai yi. Fuskar mutum ma ban ba da shawara ba, don ba daɗi a ga rubutu ya bi ta kan idon amarya.

A buɗe manhajar gyaran hoto, GIMP, kyauta ne, ko Photoshop ga mai shi. A yi sabon shafi girman A4, wato fiksel 2480 a faɗi, 3508 a tsawo. A ɗora hoton a kan farin shafin, a ja Opacity, wato ƙarfin fitowar hoton, ƙasa zuwa kashi 10 ko 15 cikin ɗari. Sai a bi gefunan da magogi mai taushi har su narke cikin farin takardar.

Abin da allo ke nunawa daban, abin da firinta ke fitarwa daban. Sau da yawa takarda ta fi duhu. A buga ɗaya tukuna, a yi rubutu a kai da biro a gani, kafin a ce wa mai shago ya buga ɗari.

Kuma kar a tura masa ta WhatsApp a matsayin hoto, matse shi yake yi. A mai da shi PDF, a tura fayil ɗin.