Yadda ake fitar da bincike kan matsalolin magana, harshe da ji a mujallar ilimi

Sau da yawa muƙalar da edita ya mayar wa mai ita, tun ranar da aka naɗi muryar mutum na farko ta samu tangarɗa. Saboda haka matakan nan daga can suka faro.

Na farko, nemi izinin kwamitin ɗa'ar bincike kafin ka gwada kowa. Mujallun kirki suna bin Sanarwar Helsinki ta 1964, wato ƙa'idojin ɗa'a na binciken lafiya a kan ɗan Adam, kuma izinin da aka nema bayan an gama aiki ba ya karɓuwa. A nan nake so ka tsaya ka yi nazari, domin mutanen da muke bincike a kansu su ne waɗanda faɗin "na yarda" ko "ban yarda ba" ke yi wa wuya. Wanda shanyewar ɓarin jiki ta taɓa masa harshe yana iya gyaɗa kai alhali bai fahimci takardar ba. Ka rubuta masa bayani da gajerun jimloli da hotuna. Kurma kuwa a samo masa tafinta na maganar hannu. Yaro a nemi yardar iyayensa, shi ma a tambaye shi. Sannan ka tuna murya shaida ce: ko ka goge suna, wanda ya san mai in'inar nan zai gane shi da jin kalma biyu. Yardar a naɗi murya daban, yardar a saka ta a intanet daban.

Idan gwajin wata hanyar jinya za ka yi, ka yi masa rajista a rumbu irin ClinicalTrials.gov kafin ka ɗauki mutum na farko. Tun 2005 manyan mujallun likitanci suka sa wannan sharaɗi.

Mataki na gaba shi ne zaɓen mujalla, tun kafin ka fara rubutu. Ƙungiyar ASHA ta Amurka, ta ƙwararru kan magana, harshe da ji, tana fitar da Journal of Speech, Language, and Hearing Research, da American Journal of Audiology, da wata ta musamman kan aiki a makarantu. A Birtaniya akwai International Journal of Language & Communication Disorders. Mai aiki kan ji ya duba Ear and Hearing. Karanta muƙalu biyar ko shida na kwanan nan a wadda ka zaɓa, za ka gane ko aikinka ɗan gidan ne. Mujallar da ta aiko maka wasiƙa tana alkawarin bugawa cikin mako guda in ka biya, ka guje ta. Idan mujalla ta ce kyauta ake karanta ta, duba ko tana cikin jerin DOAJ, wato kundin mujallun kyauta da aka tantance.

Sai rubutu. Kowane irin bincike da ƙa'idar rahotonsa: CONSORT ga gwajin jinya, PRISMA ga bitar ayyukan da suka gabata, STARD ga auna ingancin hanyar gano cuta, SCRIBE kuma ga bincike kan mutum ɗaya ko 'yan kaɗan, wanda ya yawaita a fagenmu.

Sashen bayanin mahalarta shi ne inda masu bita, wato ƙwararrun da edita ke ba muƙala su duba, suka fi kafa ido, kuma suna da gaskiya. "Yara masu matsalar ji" bai gaya wa kowa komai ba. Faɗi desibel (ma'aunin ƙarfin sauti) nawa a kowane kunne, a kan waɗanne matakan sauti tsakanin hertz (ma'aunin kaurin sauti ko sirantarsa) 250 da 8000, da wace na'ura, yaushe aka daidaita ta, a wane irin ɗaki. Faɗi harsunan da yaron ke ji a gida. Idan gwajin da ka yi amfani da shi an gina ma'auninsa ne a kan yaran wani harshe, kai kuma ka fassara, ka bayyana haka ƙarara. Ta wannan ƙofar ake liƙa wa yaro lafiyayye mai harshe biyu cutar da ba shi da ita, abin da ke ci mini rai ƙwarai. Idan ka rubuta furuci da haruffan IPA, wato haruffan duniya na rubuta sautukan magana, ka sa wani ya sake rubuta wani kaso ba tare da ya ga naka ba, ka kawo adadin inda kuka dace.

Wajen miƙawa, mujalla ɗaya a lokaci ɗaya. Haɗa da lambarka ta ORCID, wato lambar shaidar mai bincike, da bayanin wanda ya ɗauki nauyin aikin, musamman idan kamfanin na'urar ji ne.

Amsa kan ɗauki makonni ko watanni. In an ce ka gyara, labari ne mai daɗi. Ɗauki maganganun masu bita ɗaya bayan ɗaya, ka rubuta abin da ka canja da shafin da yake. Inda ba ka yarda ba, ka faɗa cikin ladabi tare da hujja. In kuwa an ƙi muƙalar, ka yi gyaran da suka nuna kafin ka kai ta wata mujalla, don fagen ƙarami ne, tana iya sake faɗawa hannun mai bitar farko.