Kafin ka karɓi makullin babbar mota: kurakuran da direbobi suka fi yi

'Yan'uwa direbobi, musamman ƙannena da suka bar karen mota suka samu permi kwanan nan, maganar nan taku ce. A nan Damagaram in aka ce wani Alhaji yana neman direban tirela ko sitarni (tankar mai), abin da muke fara tambaya shi ne nawa ne albashi, nawa ne kuɗin hanya, shikenan sai a karɓi makulli. Ba mai tambayar wane hali motar take ciki, ko me ya raba mai motar da direban da ya ajiye ta, alhali kai ne za ka zauna a cikinta da ranka.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne yarda da takarda kawai. Za a miƙo maka bizit teknik (takardar binciken lafiyar mota) da asiransi da kart giriz (takardar rajistar mota), ka ga hatimi ka ce to komai lafiya. Ka dai duba su da kyau, kwanan watan bai wuce ba? Lambar shasi da ke kan kart giriz ita ce a jikin motar? In tirela ce ka tuna kan motar daban yake, bodin da yake ja daban, kowanne da nasa takardu, ana nuna ma na kai a yi shiru da na baya. Amma ko duk sun cika, takardar bizit tana faɗa maka halin motar ne ranar da aka kai ta, ba yau ba, kuma duk mun san akwai masu aron taya mai kyau su je da ita su dawo su cire. Gyaran wannan kuskure shi ne ka ce a ba ka motar ka duba da idonka, da rana, kuma ka zo da bakanike naka wanda ba ya cin abinci a gidan.

Birki nake so in daɗe a kai, don shi ke kashe mu. Tada injin ka bari iska ta cika, ka kashe, ka taka birki ka riƙe kana kallon allurar iska. In tana sauka a hankali ko kana jin fiiii a ƙarƙashi, yoyo ne, kar wani ya ce maka ai haka take tun da aka sayo ta. Ka buɗe tankin iska ta ƙasa ka ga ko ruwa da baƙin mai za su fito da yawa. Sannan ka shiga ƙarƙashi ka bi ƙafa ɗaya bayan ɗaya, domin akwai mugun abin da ake yi, in birkin wata ƙafa ya lalace sai a toshe tiyonta a ci gaba da aiki da sauran. Mota ba lodi ba za ka gane ba, sai ranar da ka ɗauko kaya jaki ko amalanke ta shigo maka hanya. Ni kaina na taɓa karɓar irin wannan motar wajen wani maigida da ba zan faɗi sunansa ba, sai a hanyar Tanut na gane ƙafa biyu na baya ba sa kamawa, wallahi har yau in na tuna yaron da ke kora awaki a gefen titi ranar nan gabana faɗuwa yake.

Taya kuma kar ka tsaya ga ta waje, leƙa ta ciki a inda suke biyu biyu, can ake ɓoye mai sanƙo. A gefen taya akwai rubutu da ya fara da DOT, lambobi huɗu na ƙarshe su ne sati da shekarar da aka yi ta, misali 2319 yana nufin sati na 23 a 2019. Tsohuwar taya ko da zanenta da saura, zafin watan Afrilu da Mayu a kan kwalta ba ya raga mata.

Wani kuskuren kuma, jin kunyar tambayar waɗanda suka riga ka. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Je tasha, je gareji, zauna wajen mai shayi inda direbobi ke taruwa, nemi wanda ya bar aikin da kuma yaron motarsa, ka tambaye su kai tsaye, in ka ce wa maigida birki ba lafiya yana ba da kuɗin gyara ko cewa yake je ka dawo tukuna? Ana bidanji, wato canjin baƙin mai, a kan lokaci? Da aka yi hatsari wa ya je wajen jandarma, wa ya biya asibiti, an cire a albashin direba? In ka ji mota ɗaya ta canza direbobi da yawa cikin ɗan lokaci to akwai dalili. Kar ka tsaya ga mutum ɗaya dai, mai yiwuwa haushi yake ji, ka ji ta bakin uku ko huɗu.

Sai maganar lodi da lokaci. Akwai dokar UEMOA (ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da sefa) ta 2005 da ta kayyade nauyin da kowace ƙafa za ta ɗauka, ita ake bi a wuraren awo, to ka tambaya tun yanzu in aka kama lodi ya wuce wa zai biya tara. Maigidan da ya saba ɗora kaya fiye da ƙima yana cinye birki da taya da sifirin gaba ɗaya. Haka wanda yake so ka tashi daga nan ka kai Yamai, wajen kilomita 900, ka juyo ba barci, shi ke tura yara shan ƙwaya. Masu ɗaukar mai daga matatar SORAZ ku ƙara da duba tukunyar kashe wuta, a cike take ko ado ce, da murfin tanki da famfunan sauke mai ko suna ɗiga.

Na ƙarshe mutane suna raina shi, fara aiki da baki kawai. Ka nemi kontara a rubuce, ka tambaya ko za a yi maka rajista a CNSS, wato asusun kula da ma'aikata na ƙasa, don nan ne hatsarin wurin aiki yake da madafa in ka karye ko ka bar iyali. In an ce an yi, ka ce a ba ka lambarka ka je ofishinsu ka tabbatar da kanka.

Na san halin da ake ciki, aiki ya yi wuya, kana tsoron in ka cika tambaya a ba wani. Ba sai ka yi tsaurin ido ba, cikin ladabi za ka ce, Alhaji don Allah a ba ni yini ɗaya ni da bakanike mu duba motar, abin da muka gani in rubuto maka. In ya amince, ka rubuta duk abin da ke buƙatar gyara, ka ɗauki hoto a waya da kwanan wata, ka ajiye kwafi ɗaya a gida.